Bango Na Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Agege, janareta na tari,
ni da kwamfuta da shayin da ya huce.
Alhaji Sagir ya ba ni wata uku
in gina masa abin da zai riƙa tambaya
kafin ya sa hannu a aljihu.

Rasit na shekara bakwai ya zo mini a buhun taki.
Wasu ruwan Ikko ya lashe tawadarsu,
wasu a bayan kwalin sukari aka rubuta.
Albasar Aliero, waken Dawanau, busasshen barkono.
Na zauna tsinta kamar mai gyaran shinkafa,
tsakuwa nan, ƙwaya can.
Idi-Araba kaɗai, rubutu iri tara na tarar mata.

Morenikeji ta ofishin kuɗi ta leƙo ta kafaɗata:
"Bar na'urar nan tukuna.
Ran Litinin da safe, me mutumin nan ke son sani?
Daga nan ake haƙa tushe."

Sai na ce masa: Alhaji, littafinka tabarma ce,
tsawo da faɗi, shi ke nan.
Ni ɗaki zan ɗora.
Bango ɗaya kaya, bango ɗaya shago,
na uku lokaci,
inda shekara ke goye da wata, wata na goye da mako.
Ta duk ƙofar da ka shiga, lamba na zaune tana jiranka.
Ya ce, "Ko rumbu ne, gina. Ni ribata nake nema."

Ranar da ɗakin ya tsaya da ƙafarsa
na yanka shi a gabansu, yankan albasa,
ɓawo bayan ɓawo:
duk Ikko, sannan shago bakwai, sannan ɗaya.
Apapa.
Kowace damina buhu talatin na nutsewa a can,
a ƙarƙashin sunan Tanimu mai shago.
Ba wanda ya yi magana. Fanka na juyi.
Alhaji ya cire murfin biro.

Na roƙi kwana uku, ban ma san dalili ba.
Wataƙila don amsar ta zo da sauƙi,
kamar ciniki da ɓarawo.

Na hau motar kaya daga Mil Sha Biyu.
Tankoki sun toshe hanya, ruwa na zuba,
muka kwana biyu a kan gada
har wari ya fara tasowa daga bayanmu.
Ɗanlami direba ya ciro wani ɗan littafi mai maiƙo
daga ƙarƙashin kujera:
ranar tashi, ranar isa, shekara biyar cif,
ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa tambaya.
"Don kada a ce na tsaya yawo," in ji shi.

Na dawo na fasa ginina.
Na ƙara bango na huɗu, wanda ido ba ya iya zanawa:
kwanan da buhu ya yi a hanya.
Na sake yanka.
Laifin ya tashi daga kan Tanimu
ya koma ya kwanta a kan kwalta.

Yanzu ƙananan motoci ke shiga Apapa kafin asuba.
Tanimu bai san an taɓa cire wa sunansa murfin biro ba.
Jiya ma ya aiko mini da goro, wai na gaisuwa.

Alhaji na yabon ɗakin a gaban baƙi,
yana juya shi da yatsa ɗaya.
Ni kuwa in dare ya raba, janareta ya yi shiru,
ina lissafin direbobin da ban hau motarsu ba,
da abin da ke ƙarƙashin kujerunsu.