Kasuwar da Ba Ta Ƙarni

A Busan, hawa na uku na asibitin tsofaffi,
tagarmu na kallon tashar jiragen ruwa.
Ni ce mai goge tabarau, mai ɗaura maɗauri,
mai cewa, "Kaka, kada ki miƙe, yi zamanki."

Ran Laraba Deokbae ya riga kowa zuwa.
Shekara talatin yana tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya,
ya saba hangen duniya daga sama.
Na sa masa tabarau, kasuwar cikin na'ura ta buɗe,
ya kutsa kamar mai bin bashi:
kabeji, gishiri, tafarnuwa, ga shi ya fito,
maki tamanin da biyu,
yana dariya har haƙorin azurfarsa ya haska.

Matarsa Pilnyeo kifi ta sayar shekara arba'in.
Tabarau ya yi mata yawa.
Wanda ya ƙera shi da kan namiji ya yi awo,
da tazarar idanun namiji.
Na ja maɗauri har ƙarshe, na cusa tawul a ƙeya.
Minti huɗu ta dafe ciki:
"Ƙasa na tafiya da ni, kamar jirgin Jeju ranar iska."

Amma ba ta cire ba.
Ta tsaya gaban teburin kifi,
ta miƙa yatsa za ta latsa, ta latsa iska.
"Yarinya, kasuwar nan ba ta ƙarni.
Ba ƙuda, ba mai neman ragi.
Idon kifin nan ya cika kyau, ƙarya ne."
Maki arba'in da ɗaya. Lokaci ya cika.

Likita ya rubuta: shi ya fi sauri, ita ta fi jiri.
Bai yi ƙarya ba, iyakar cikin takarda ke nan.
Babu gurbin da za a sa
cewa da yamma, a bakin lif,
na tambayi Deokbae me ya sayo, ya sosa ƙeya,
ita kuwa, da ledar amai a hannu,
ta jero kaya goma sha biyun nan kaf,
da kuɗin kowanne,
har da wanda ta ce an tsuga masa tsada.

Ya riƙe mata jaka, ta riƙe masa hanyar gida.
Na koma kan tabarau.
Gumin goshinsa, hodar fuskarta,
ƙyalle ɗaya ya kwashe su.