Duba Zoben

Rumfata na bayan Bata, jikin ta mai gyaran agogo.
Tebur ɗaya, benci ɗaya,
sai hayaƙin dalma da ya zama turaren rigata.
A gwangwanin madara nake tara su,
baƙaƙe, kamar wake da aka soke da waya,
kowanne da farin zobe a gefe guda.
Dayod ke nan.
Ko kuɗin shayi bai kai ba.

Ranar da Gwadabe ya fara miƙo mini ɗaya
ina da shekara sha huɗu.
Ya ce, "Duba zoben."
Ban duba ba.
Na dasa shi a baibai cikin rediyon wani direba,
muka kunna, wani abu ya ce fus,
ƙauri ya kori mai agogo daga kujerarsa.
Gwadabe bai fasa tauna goro ba.
"To, yanzu ka duba."

Bana Rumasa'u ta zo daga Poli neman sanin aiki,
da littafi mai kaurin bulo.
Ita ta faɗa mini abin da hannuna ya daɗe da sani.
Ta ce unguwa biyu ce a cikin ɗan abin nan,
duka ginin silikon.
Ɗaya ta cika har jama'a sun yi rara,
ɗaya ɗakuna ne birjik, ba mai kwana.
Na bakin iyaka suka tsallaka,
suka kama ɗakunan farko, suka zauna daram,
sai tsakani ya zama wayam,
ganuwa ta tashi ba tare da magini ba.

In ka turo wuta ta fuskar da ta dace
akwai kuɗin ƙofa:
bakwai bisa goma na bolt.
Ƙasa da haka, da ƙyar ka ji motsi.
Da ka cika, sai tururuwa.
In ka juya batir kuwa, kowa ya ja da baya,
filin ya ƙara faɗi,
sai ɗan yoyo,
wanda mita ma ke jin nauyin ambata.

Na ce, ashe ɗan Karota ne a bakin wanwe,
wanda bai san ɗan wane ba, bai jin magiya.
Ta yi dariya har dalma ta ɗiga a siminti.

Wutar Nepa, in ta ga dama ta zo,
ba ta da alƙibla:
gaba, baya, sau hamsin kafin ka ce kwabo,
kamar yaron shago mai neman canji a Kwari.
Haɗa mata huɗu su yi gada.
Ta ina ta ɓullo, hanya ɗaya za a nuna mata,
ta shiga rediyo da ladabi.

Jiya wata tsohuwa daga Yakasai
ta kawo tata a ƙunshe cikin ɗankwali.
Na ɗora ja da baƙin wayar mita, ya ce bismilla.
Na juya, ya sake cewa bismilla.
Na ce, Iya, ga mai laifin.
An matsa masa ta baya fiye da ƙarfinsa, ya fashe.
Wanda ke cewa to ga kowa
ya daina aiki, ko da yana tsaye.

Shekara tara ke nan Gwadabe ya bi tasa ƙofar.
Ta buɗe sau ɗaya.
Na sha juya wayoyin, shiru.
Amma yarinyar nan ta ce ba ƙofar da ba ta yoyo,
kuma na yarda,
don kullum na ɗauki ɗaya daga gwangwani,
kafin ƙarfe ya yi zafi,
wani abu kan ɗigo ta baya,
siriri, da ƙamshin goro:

duba zoben.