Wanda Ake Biya Ya Faɗi

A ƙasan adakar Kawu Sallau,
bayan an raba riguna, an raba buta da buzu,
gwangwani ɗaya ya rage, faffaɗa kamar faifai,
ba wanda ya ce nawa ne.
Na buɗe. Tsami ya doki hancina.
Zaren fim ne, a naɗe kamar kububuwa mai barci.

Wani Kwara mai kanti ya bar masa shi
a bakin bashin sule goma sha biyu,
haɗe da injin da ake juyawa da hannu.
Muna yara a Rafindadi.
In an idar da lisha sai a rataya farin ƙyalle
a katangar gidan Iya Tabawa,
mai kwabo ya ba da kwabo, mai ƙuli ya ba da ƙuli,
marar komai ya hau bedi.

Fim ɗin bebe ne.
Mutane na wage baki, ba abin da ke fita.
Bindiga ta yi hayaƙi, shiru.
Rubutun Turanci ya fito, ya tsaya, ya gaji da mu, ya wuce.
Sai Kawu ya ara masu harshe.
Ƙoƙo biyu a kife su ne kofato,
garwar kananzir ita ce harbi.
Mai baƙar hula Sakkwatanci yake yi,
mai farar hula kuwa Bakatsine ne gaba da baya,
har yakan tambayi baturiyar ina gajiya,
yaya mutan gida.

Amma ba jarumin Kawu ke kallo ba.
"Ku dubi na gefe," in ji shi,
"siririn nan mai riƙe wa manya linzami.
Duk sauran kaboyin ƙarya ne, kayan aro.
Wannan ya yi kiwo. Dubi yadda ya naɗe igiya,
dubi yadda saniya ba ta tsoronsa."
Sau uku yaron ke mutuwa kafin zaren ya ƙare:
sau ɗaya yana ɗan fashi,
sau ɗaya da gashin-bakin da aka manna masa a karkace,
na uku ya faɗo daga rufin keken doki.
Kawu ya raɗa masa suna Ɗan Sanho.
"Faɗuwa ce sana'arsa, da ita yake cin tuwo.
Ku sa ido, mai iya faɗuwa haka zai iya tashi."

Shekaru suka ja. Aka buɗe silima mai magana.
Wata Asabar muka shiga, ni da shi, kujerar baya,
sai ga Ɗan Sanho ya cika bango,
ya yi wuya, ya yi teɓa, hular ta koma fara,
wasu yara ne yanzu ke faɗuwa dominsa.
Kawu ya matse mani hannu har na ji ƙashi.
Daga nan mutumin ya buɗe baki.
Murya ta fito ta hanci, siririya, a tsuke,
kamar ƙofar da ba ta ga mai ba.

Kawu ya sa takalmi.
"Ba muryarsa ba ce wannan."
Bai jira kuɗinsa sun ƙare ba.
Har muka kai Ƙofar Soro bai ƙara cewa uffan ba.

Yau na ware kamu biyu na zaren,
na ɗaga shi ga hasken taga.
Ga shi nan, bai kai girman farcena ba,
ya bar sirdi, bai isa ƙasa ba,
hula na gefe guda, hannu na neman abin kamawa,
baki a buɗe.
Na share maƙogwaro zan ara masa magana.
Ban san me Kawu ke cewa a nan wurin ba,
dariya nake yi lokacin.