Juya Sikeli

Ƙarfe biyun dare a Domayo.
Wuta ta ɗauke tun isha'i,
batir ya ce saura kashi goma sha tara.
Daga ni sai lambobin da aka aiko mini
daga wata ƙasa mai sanyi,
inda aka haƙa rami kamar zobe ƙarƙashin gari
ana harba abin da ido bai taɓa gani ba.

Aikin a baki ba wuya.
Ka jefi furoton da elektaron,
ka koma gefe, ka ga inda ya karkata.
Ba sa haɗa jiki, ba sa musafaha,
ɗan aike ke shiga tsakani,
ƙwayar haske guda, ana ce mata foton.
Ta isar da saƙo, kowa ya kama gabansa.
Haka aka koya mini, haka na koyar,
shekara bakwai alli yana cin yatsuna.

Sai aka auna cikin furoton ta hanya biyu.
Hatsi ɗaya, mudu biyu,
awo ya ƙi zuwa ɗaya.
Masana suka yi cirko-cirko.
Can wani ya ce:
anya 'yan aiken nan ba biyu ba ne?
Ɗaya ya shigo da sallama,
ɗaya ya bi ta bayan danga,
mu kuwa mai sallama kaɗai muke ƙirgawa.

Nan na tuna Goggo Ummahani
da ke sayar da kanwa a kasuwar Marwa,
gindin darbejiya, daura da masu sirdi.
In mai saye ya ɗaure fuska
ba ta rantsuwa, ba ta ɗaga murya.
Takan kwashe kanwar daga tafin dama ta mayar hagu,
dutsen awo ya koma dama.
"Sikeli mai gaskiya," in ji ta,
"ba ruwansa da hannun da aka ɗora masa kaya.
Mai ɓoyayyen hali, a juyi yake tona kansa."

Ashe elektaron ma tagwaye aka haife shi.
Ɗan'uwan, fositaron, bahago ne:
nauyi ɗaya, kama ɗaya,
caji kawai ya saɓa.
In ɗan aike guda ne,
furoton ba zai san wanda ya jefe shi ba.
In akwai na bayan danga,
abin da ya ƙara wa wannan
shi zai rage wa wancan.

To, an juya sikeli.
An harba na dama, an harba bahago,
wata da watanni,
ni kuma nawa ƙirga ne.
Na raba adadin wannan da na wancan,
ina jiran ɗaya cif,
ko abin da ya goce wa ɗaya.

Ya goce.
Kaɗan, kamar ƙurar kanwa a bakin tafi,
ga kuma sandar shakka tsaye a kansa
ta kusa fin shi tsawo.
Ban isa in yi guɗa ba,
ban isa in ce babu ba.

Batir ya mutu ina kallonsa.

Da asuba na ratsa Mayo Kaliyawo a ƙafa,
kogin ya zama yashi zalla.
Wata yarinya ta durƙusa tana tono da ƙwarya,
kamu ɗaya, kamu biyu,
yashin ya fara duhu a hannunta.
Ba ta ga ruwa ba tukuna,
ba ta kuma tashi ba.

A aji Ɗahiru zai ɗaga hannu, na san shi:
"Malama, wannan me za a ci da shi?"
Zan ce Goggo ma ba ta taɓa cin sikeli ba.
Sannan in juya ga allo,
in rubuta ɗaya, in sa ɗigo,
in bar wurin sauran a buɗe.