Hannun Mai Tallan Kifi

Shekara arba'in ina tuƙa taragon lantarki a Lisbon,
ina sauke baƙi a bakin ƙofar nan,
ban taɓa leƙawa ba.
Wa ke biyan kuɗi don ya kalli garinsu?
Sai ran Asabar jikata Leonor ta ja ni da hannun riga:
"Kaka, tikiti biyu na yanka, kuma ba a mayarwa."

Ciki sanyi kamar randa.
An ce zafi ne ajalinsu,
shi ya sa ake lallaɓa su da iska dare da rana.
Ga sarakuna da kambi, ga matuƙan jiragen ruwa,
ga ɗan ƙwallo ya ɗaga ƙafa tun bara bai sauke ba.
Duk kakin zuma ne.
Gashin kuwa na mutane, an dasa ɗai-ɗai da allura.
Baƙi na rungumar su, suna washe baki ga waya,
su ko gezau.

Gwiwa ta gaza, na zauna kan benci, hula a cinya.
Wata baƙuwa ta matso, ta nuna wa mijinta furfurata,
ta ɗauki hoto,
ta sunkuya tana neman allon sunana.
Na yi atishawa.
Jakarta ta faɗi. Leonor har da hawaye don dariya.

A ɗakin ƙarshe, bayan matakala, inda fitila ɗaya ta mutu,
mai tallan kifi ce tsaye, ba suna,
kwando a ka, ƙafa ba takalmi.
Tsayin Benedita. Kafaɗar Benedita.
Har yadda take karkata wuya in za ta kira ciniki a lungunan Alfama.

Na dubi hannun.
Sumul, kamar na jinjiri.
Babu tabon wuƙa a babban yatsa,
babu kaushin gishiri,
babu ƙarnin da ya gagari sabulu,
wanda ya kwana kan matashina shekara talatin da ɗaya.
Wanda ya ƙera ta daga nesa ya hangi masu kifi.

"Kaka, in ɗauke ku tare?"
Na ce a'a.

Mai gadi ya kaɗa makullai.
Muka fito, rana ta mare mu,
iskar kogin Tejo ta kwaso ƙarnin sardin daga gindin tudu.
Na tsaya na shaƙa, na sake shaƙa,
har Leonor ta ce tarago zai tafi ya bar mu.