Da Sauran Gashi

Zinaru, kin tare ni a bakin tasha,
kaye a hannu, bik a bayan kunne,
kika ce, "Kawu, ina ake samo waƙa?
Wace rijiya kuke ja da dare
da mu ba mu san hanyarta ba?"
Na yi dariya, ɗan kabu-kabu ya fizge ni.
Ga amsarki, ta makara kwana tara.

Ni dai ban gamu da aljani ba.
Ba wanda ya tofa mini a baki.
Abin da na fara sani wari ne,
warin majemar Baba Hankurau
can gangaren Gulbi, bayan Bagalam,
inda baƙo ke toshe hanci ya yi sallama,
mu kuwa a nan muke shan furarmu.

Ina ɗan shekara tara nake ɗauko masa fatu,
na jar akuya, daga mahauta.
Ya tsoma su a ruwan toka, ya juya baya.
Na ce, "Baba, sun yi?"
Ya ce, "Tambaye su."
Sai bayan kwana uku ya karce gashi,
ya daka bagaruwa, ya sake jiƙawa,
ya murza, ya take, ya ja, ya shanya,
har fata ta manta ta taɓa yin kuka a garke.
Ya ɗaga wata ga rana, ya ga tabon ƙaya,
ya ce, "Wannan ta cika ƙetare shinge."
Ban san karatu yake koya mini ba.

A lakwal Mushe Illiya ya ba ni haruffa,
amma abin zubawa ciki, tsintarsa na yi.
Wani a bakin mai ƙuli-ƙuli,
tana zagin ɗanta zagin da ya fi kirari daɗi.
Wani gun direban tirela a Ɗan Isa,
kwana uku yana jiran takarda,
yana ba tayar mota labarin mahaifiyarsa.
Wani ranar da Gulbi ya cika ya batse
da ruwan da aka yi a wata ƙasa,
ya kwashe tumatirin Nomau a Jiratawa.
Nomau ya tsaya, laka har gwiwa,
ya ce, "To, bana kifi zai sha miya."
Shekara goma sha ɗaya ina juya maganar nan
kafin ta yarda ta zauna cikin baiti.

Waƙata ta fari shafi huɗu ce.
Na kai wa Baba, na karanta da ƙarfi,
yana wasa wuƙa, bai ɗago ba.
Da na kai aya ya ce, "Da sauran gashi."
Na yi fushi wata biyu.
Na dawo, na karce, na karce,
ta koma layi shida.
Cikin shidan ma, biyu nake kallo yau ba kunya.

Baiwa kuwa, akwai ta, ban musa ba.
Akuya ba ta zaɓi jan gashinta ba.
Amma na ga fata mai kyan gaske ta ruɓe
don mai ita na sauri ya kai kasuwa.

Baba ya rasu. Inda ramukansa suke
yanzu shagon cajin waya ne.
Wuƙarsa na nan kan teburina,
ba ta yanka ko albasa.

Ranar Litinin ki shiga babbar kasuwa,
ki bar kayen a gida.
Zauna kusa da masu awon gujiya,
ki ji yadda ake rantsuwa kan rabin tiya.
Abin da kika ji, kada ki rubuta a ranar.
Jiƙa shi.
In ya yi laushi ki kawo mini Mokoyo bayan la'asar.
Kada ki sa ran yabo.
Sansanawa zan fara yi.