Farantin Kaka Owiti

A gaɓar Dunga, kusa da Kisumu,
Ayoo ta ɗaura farin faranti
a igiyar kakanta Owiti, mai ƙulli-ƙulli,
ta zura shi tabki tana ƙirge.

Ƙulli ɗaya. Biyu.
Faranti ya ɓace.

A littafin tsohon tawada ta koɗe:
“Ƙulli tara, ina hango shi kamar wata.”
Shekara hamsin ke nan.
Lokacin karfasa ba ta da tsada.

Tabkin nan ba yunwa ke cinsa ba,
ɗura aka yi masa.
Kowace damina koguna na kawo masa
takin gonakin rake, kumfar sabulu,
da abin da kwatamin birni ya amayar.
Ya ci har ya yi kore.
Gansakuka ta mutu, ta nutse, ta ruɓe,
ta shanye numfashin ƙasan ruwa.
Da asuba kifaye kan taso, ciki sama,
ba ƙugiya, ba koma.

Kainuwa ta tsare jirage kwana shida.
Dashen Allah? Ayoo ta girgiza kai:
wannan mu muka yi mata taki.

Ta rubuta “biyu” ƙarƙashin “tara”,
ta naɗe igiya.
Ƙulli bakwai ba su jiƙe ba.